Wa Zai Riƙe Yaron? Fashin Baƙi a Kan Hukuncin Kotu Bayan Mutuwar Aure

A farkon shekarar 2023 na raka 'yar gwaggona wata kotun shari'ar Musulunci. Aurenta ya mutu da wata takwas, ta gama idda, tana zaune gidan iyayenta da ɗanta mai shekara huɗu. Wata ranar Juma'a uban yaron ya aiko ƙaninsa a kan babur, wai a ba shi yaron ya je ya gaida kakarsa, za a dawo da shi bayan la'asar. Aka yi la'asar, aka yi magariba, aka yi isha'i, shiru. Da aka buga waya sai aka ce ai yaro ya zo gidan ubansa ke nan, tun yaushe aka yaye shi, me kuma ya rage? Mai unguwa ya sa baki, limamin masallacinsu ya sa baki, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Daga nan aka yanko sammaci.

Ranar zaman farko an kawo yaron cikin sabuwar shadda, yana riƙe da ledar biskit, hannunsa ɗaya a cikin na ƙanwar ubansa. Ya hango uwarsa a kan benci. Bai ruga ba. Sai da ya ɗaga kai ya dubi fuskar wadda take riƙe da shi tukuna, ya ga ko an yarda. Mako biyar kacal ya yi a can, amma har ya koyi cewa son uwarsa abu ne da ake neman izini a kansa. Wannan kallon ne ya sa na koma na zauna da malamai da littattafai a kan mas'alar.

A cikin kotu tambayoyin alƙali ba su da yawa.

"Malam, ta yi wani auren ne?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Tana da taɓin hankali, ko wata cuta da kake tsoron ta kama yaron?"

"A'a."

"Kana da shaidar cewa gidan da take zaune ba wurin tarbiyya ba ne?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ɗana ne."

Alƙali ya ce, "Babu wanda ya ce ba ɗanka ba ne. Shi ya sa ma ciyarwarsa take kanka."

A cikin wannan 'yar musayar maganar duk rikicin yake. Mu a al'ada mun dunƙule abubuwa uku mun mai da su ɗaya, muka ce ɗa na uba ne. Shari'a kuwa warware su ta yi. Akwai nasaba da walicci: sunan uba yaron yake ɗauka, uba ne mai tsaya masa a kan karatunsa da dukiyarsa, shi ne waliyyin 'yarsa ranar aure, kuma saki ba ya taɓa wannan. Akwai ciyarwa, wadda ta haɗa ci da sha da sutura da wurin kwana, ita ma tana wuyan uba ko a hannun wa yaron yake. Sannan akwai riƙo, abin da malaman fiƙihu suke kira hadana: wa zai yi masa wanka, wa zai san ya ci ko bai ci ba, a ɗakin wa zai kwana, wa zai farka idan zazzaɓi ya rufe shi da tsakar dare. Wannan na ukun shi ake kai wa gaban alƙali, kuma shi ne wanda shari'a ta fara miƙa wa uwa.

Asalin hukuncin sananne ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah (SAW) ta ce wannan ɗan nata cikinta ne ya zama mazubinsa, nononta abin shansa, cinyarta matattararsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ya ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A cikin Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo labarin Sayyidina Umar da ɗansa Asim: ya same shi yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi tana jayayya, suka je gaban Sayyidina Abubakar, shi kuma ya ce a bar mata shi. Umar bai sake cewa uffan ba. Ina yawan tuna wannan ƙissar idan na ji namiji yana cewa zubar da girma ne a ce kotu ta karɓe masa ɗa.

Kotunan shari'a a Arewacin Najeriya da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma littattafan da ke gaban alƙali su ne waɗanda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni: Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Shaihu Khalil, Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, da sharhohinsu. A cikin mazhabobi huɗu, Malikiyya ce ta fi tsawaita riƙon uwa. Ɗa namiji yana hannunta har ya balaga. 'Ya mace kuwa har ta yi aure ta tare a gidan mijinta. Babu maganar yaye a ciki, babu maganar shekara bakwai. Shekara bakwai ɗin da ake yawan ji a bakin mutane daga wasu mazhabobin ta fito: Hanafawa sun tsayar da riƙon uwa a shekara 7 ga namiji, 9 ga mace, Shafi'awa kuma suna ba yaro zaɓi tsakanin uwa da uba idan ya yi wayo. Wanda ya shiga kotu a Kano ko Katsina ko Zariya da lissafin shekara bakwai, ya shiga da ma'aunin da ba shi ake awo da shi a wurin ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ranar da uwa ta sake aure. Da an ɗaura, sai uba ya aiko a ba shi 'ya'yansa, mutane kuma su ga ai daidai ne. Gaskiya ne cewa riƙonta yana faɗuwa idan ta auri wani bare kuma ya tare da ita. Amma ba hannun uba yake faɗawa ba. Kakar yaron ta wajen uwa ce ta gaba, sannan kakar uwar, sannan yayar uwa ko ƙanwarta, haka dangin uwa mata za su yi ta biyo juna kafin a zo kan kaka ta wajen uba, sai bayanta a zo kan uban kansa. Hujjar gabatar da 'yar'uwar uwa tana cikin Bukhari, a shari'ar 'yar Sayyidina Hamza, inda Annabi (SAW) ya ce 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. Ko da layin ya iso kan uba, Khalil ya gindaya masa sharaɗi: sai yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa. Malamai sun san cewa namiji zai fita kasuwa ko ofis da safe, kuma wanda yake riƙon gaskiya shi ne wanda aka bari a gida da yaron.

Faɗuwar riƙon uwa saboda aure ma tana da togaciya. Idan wanda ta aura muharramin yaron ne, kamar baffansa, riƙonta yana nan. Idan jinjiri ne da ya ƙi kama nonon kowa sai nata, yana nan. Idan wanda riƙon zai koma hannunsa ya san ta yi aure ta tare, ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, ya rasa damarsa. Wannan na ƙarshen yana nuna inda hankalin malamai yake: yaron da ya shekara a wuri ya saba, ba a tumɓuke shi don wani ya tuna da haƙƙinsa a makare. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hukuncin da mata da yawa ba su sani ba sai ya same su. A mashahurin zance na mazhaba, idan riƙo ya faɗi saboda aure, ba ya dawowa don auren na biyu ya mutu. Haka idan mace ta sarayar da shi da bakinta ba tare da uzuri irin na rashin lafiya ba. Don haka kalmar "na bar masa su" da ake furtawa cikin fushi a tsakar gida, ko a gaban shaidu don a samu takardar saki da wuri, tana da nauyin da mai faɗarta ba ta zata ba.

Nan ne maganar hul'i take shigowa. Mace ta gaji, tana neman fita, ba ta da kuɗin mayar da sadaki, sai miji ya ce ya yafe kuɗin in dai za ta bar masa yara. Malikiyya sun halatta hul'i a kan sarayar da riƙo, amma masu sharhi sun ɗaure shi da cewa kada ya zama akwai cutarwa ga yaron. A ganina wajibi ne alƙali ya tsaya a kan wannan sharaɗin da gaske, ya tambayi shekarun yaron, ya tambayi wa zai riƙe shi a can, kafin ya rubuta. Macen da aka ƙuntata wa har ta yarda ta sayi kanta da jinjirinta ba ciniki ta yi ba, kuma wanda zai biya farashin ba ya cikin masu magana a kotun.

Uwa ma ba a ba ta riƙo ido rufe. Ana neman hankali, da iya ɗawainiya, da amana, da rashin cuta mai yaɗuwa, da amintaccen wurin zama musamman ga 'ya mace da ta fara tasawa. Uban da ya ga ana ɗora wa 'yarsa talla har dare, ko an bar ɗansa yana gararamba ba makaranta, yana da cikakken haƙƙin komawa kotu. Abin da ake nema a wurinsa shaida ce. Zargi kawai ba ya wadatarwa, kuma abin takaici ne yadda wasu suke ɗauko ƙazafi su jefi uwar 'ya'yansu da shi don su ci shari'a, sun manta cewa yaron zai girma ya ji abin da aka faɗa a kan mahaifiyarsa, ya kuma ji wanda ya faɗa.

Akwai kuma mas'alar ƙaura. Idan uba zai tashi ya koma wani gari da zama na dindindin, kuma nisan ya kai barid shida, wato mil 72 a lissafin malamai, abin da ya haura kilomita 100, yana iya tafiya da yaron in hanya da garin suna da aminci, sai dai in uwar za ta bi. Haka ita ma idan ta ƙaura irin wannan nisan, riƙonta yana faɗuwa. Kano zuwa Wudil ba ta kai ba, Kano zuwa Kaduna ta haura. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta shiga ciki, kuma Khalil ya ce sai an rantsar da mai tafiyar cewa ƙaura ce ta gaskiya. Dalilin hukuncin shi ne kada a raba yaro da kulawar waliyyinsa a zamanin da wannan nisan tafiyar kwanaki ce a kan raƙumi. Yau da mota da waya, ina ganin alƙali yana da fili ya duba ko ƙaurar ta gaskiya ce ko dabara ce ta raba uwa da ɗanta.

To, shi uban da ba a ba riƙo ba, me ya rage masa? Da yawa. Mukhtasar ya faɗa ƙarara cewa yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, da yi masa tarbiyya, da tura shi makaranta. Uwar da ta ci shari'a sannan ta rufe ƙofa, ta hana gaisuwa, ta ce wa yaro ubanka ya yar da kai, ta saɓa wa ayar da ta ba ta kariya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ɓangare biyu ta kama a numfashi ɗaya: kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Na san mazan da suke biyan kuɗin makaranta shekara da shekaru amma sai dai su tsaya a bakin layi su hango 'ya'yansu suna wucewa. Wannan ma zalunci ne, kuma kotu tana da ikon gyara shi.

Wanda hukuncin bai yi masa daɗi ba yana da matakala. Daga ƙaramar kotun shari'a zuwa babba, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi a kan aure da rabuwarsa da kula da ƙananan yara. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, inda alƙalai masana shari'ar Musulunci suke zama a kan irin waɗannan ƙararraki, sannan Kotun Ƙoli. Sai dai kowace hawa watanni ce ko shekaru, yaro kuma ba ya tsayawa da girma don a jira hukunci.

Ba kowane mai jin Hausa ne yake zuwa kotun shari'a ba. Wanda ya yi auren rajista, kamar Kiristoci da yawa a Kudancin Kaduna da Filato da Sabon Garin Kano, Babbar Kotun Jiha ce take raba aurensa a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sashe na 71 na dokar ya ce maslahar yara ita ce gaba da komai, ya ba alƙali ikon neman rahoton jami'in jin daɗin jama'a, da ikon miƙa yaro ga wani na uku idan iyayen biyu ba su dace ba, da ikon tsara ziyara ga wanda bai samu riƙo ba. A can babu jerin dangi da aka tsara tun farko, alƙali ne yake auna shekarun yaro, da wanda ya saba da shi, da makarantarsa, da halin kowane ɓangare. Kotunan gargajiya ma, inda al'ada ta fi karkata ga uba, Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Okwueze ta 1989 cewa jin daɗin yaron ne abin dubawa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma da wannan ƙa'idar ta buɗe, jihohin Arewa kuma suka riƙa yin nasu daga baya, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Hanyoyin sun bambanta, amma wanda ya karanta sharuɗɗan hadana da idon basira zai ga tambaya ɗaya ake yi: a ina yaron nan zai fi samun kulawa?

Raunin da na fi gani a wurinmu ba a fiƙihun yake ba, a rubutun hukuncin yake. Sau da yawa abin da ake karantawa bai wuce layi biyu ba: yaro ya zauna wurin uwarsa, uba ya riƙa ciyarwa gwargwadon hali, kuma kada a hana shi ganin ɗansa. Mutum biyun da suka kasa jituwa a kan kuɗin cefane, su ne aka sallama su je su fassara "gwargwadon hali" da "ganin ɗansa" da kansu. Wace rana zai zo? Shi zai zo ko kai masa za a yi? Zai kwana? Ina zai yi ƙaramar Sallah, ina zai yi babba? Dogon hutu fa? Wa zai biya kuɗin makarantar boko, wa zai biya na Islamiyya, wa zai sayi magani idan an kwantar da shi? Duk tambayar da alƙali bai amsa ba a zaune, za a amsa ta a tsaye a ƙofar gida, da ɗaga murya, yaron yana laɓe a bayan labule yana ji.

Maroko ƙasar Malikiyya ce kamar mu, kuma a kundin dokar iyalinta na 2004 ta ɗauki wannan da muhimmanci. Idan iyaye ba su daidaita a kan ziyara ba, kotu ce take ƙayyade lokaci da wuri a cikin hukuncin, don toshe ƙofar wasa da shi. Sun kuma ce auren uwa ba ya kayar da riƙonta idan yaron bai wuce shekara 7 ba, sannan wanda ya kai 15 yana zaɓar wurin wanda zai zauna. Ba lallai mu kwafi duk abin da suka yi ba, amma sun nuna cewa rubuta abu dalla-dalla ba fita daga mazhaba ba ne. A Kano ma, a 2017, Sarki Muhammadu Sanusi II ya fito da maganar kundin dokar iyali da malamai suka yi aiki a kansa, sai hayaniyar ƙarin aure ta danne sauran abin da ke ciki, har da ciyar da 'ya'ya bayan saki.

Kafin a samu irin wannan kundin, mai shiga kotu yana iya roƙon alƙali ya fayyace. A nemi a rubuta adadin kuɗi da ranar biya, a raba kuɗin abinci da na makaranta da na asibiti, a biya ta hannun rajistaran kotu ko ta banki don a samu shaida. Matar da aka saka tana shayarwa ta san cewa bayan ta fita idda tana da ladan shayarwa daban, kamar yadda aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa, mai ciki kuma ciyarwarta tana kan mijin har ta haihu. A karɓi kwafin hukunci a adana. Kuma a sani cewa adadin da aka yanka ba wahayi ba ne, ana komawa a nemi ƙari idan rayuwa ta yi tsada, uba ma yana iya neman ragi idan karayar arziki ta same shi. Idan an yi sulhu a gaban Hisba ko mai unguwa ko dattawan dangi, alheri ne, sau da yawa ma ya fi shari'a sauƙi a kan yaro, amma a kai takardar sulhun kotu ta tabbatar da ita, don ranar da wani ya juya baya a samu abin kamawa.

'Yar gwaggon tawa an mayar mata da ɗanta a ranar, aka yanka wa uban naira dubu goma sha biyar a wata. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, kuɗin suka daina kai su tsakiyar wata, ziyara kuma ta zama abin faɗa duk mako, don ba a faɗi rana ba. Suka koma gaban alƙalin nan. A wannan karon ya sa aka rubuta komai: an ƙara kuɗin, kuɗin makaranta uban zai kai da kansa ya karɓo rasit, yaron zai je gidan ubansa duk ranar Asabar daga safe zuwa magariba, babbar Sallah a can, ƙarama a nan, dogon hutu a raba biyu. Kawun yaron ne mai kaiwa da ɗaukowa, don kada iyayen su haɗu a ƙofa.

Wata Asabar na je gidan da yamma na tarar an dawo da shi. Ya shigo da gudu da ledar tsire a hannu, yana ba uwarsa labarin ɗan akuyar da aka haifa a gidan Baba, wai an ce nasa ne, har ya raɗa masa suna. Ta karɓi ledar, ta tambaye shi ko ya gaida Hajiya da kyau, ya ce ya gaishe ta har ƙasa. Sannan ta ce ya je ya wanke ƙafa, an kusa kiran salla.